Kakan Maƙwabcina da Buhun Gishiri

Karatuna bai wuce sa hannu a takardar tuƙi ba, amma akwai littafin tarihi a jami'ar Calavi, nan kusa da Kwatano, da bakina ke ciki. Ba abin alfahari ba ne.

Zamanin mulkin gurguzu, da kowa ya zama kamarad, har ladaninmu, wata ɗaliba 'yar kudu ta shigo unguwarmu ta Zongo da rakoda, tana binciken yadda kakanninmu suka zo Kwatano. Aka turo ta wurina, don an san bakina ba shi da birki.

Maƙwabcina mai goro Babarbare ne, ni Bafulatani. Tsakaninmu da su akwai wasa tun kaka da kakanni: kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, ba mai fushi. Ranar yana zaune kusa, sai na nuna shi.

"Kamarad, rubuta. Kakan wannan, kakana ne ya saye shi a hanya, buhun gishiri ɗaya."

Ya tuntsire da dariya, ya jefe ni da goro. "Allah ya shirye ka, ɗan makiyayin awakinmu!"

Yarinyar ba sakarai ba ce. Ta ce malaminsu ya hana su yarda da baki ɗaya, don haka ta nemi wasu dattawa biyu. Fulani ne, abokan shayina, na kuma riga na ba su labari. Suka ce ƙwarai kuwa, har suka ƙara wa kakan nasa igiya a wuya. Ba ta tambaye su inda suka ji ba.

Shekaru suka ja, maƙwabcina ya rasu. Wata rana 'yarsa, wadda a gabana aka raɗa mata suna, ta dawo daga Calavi da shafi ɗaya na littafin ɗalibar nan a hannu.

"Baba, ashe mu bayinku ne?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Na rantse wasa ne, ta ɗora yatsa a kan sunayen shaidu uku.

Na nemo ɗalibar a unguwar Akpakpa, ta zama malama, kai duk furfura. Ta lalubo kaset ta kunna. Ga muryata, ga dariyar marigayi a baya, kamar yana cikin ɗakin.

"Kin ji? Dariya yake yi!"

"Na ji, Baba. Mai jin kunya ma yakan yi dariya. A da ka faɗi wata magana, yau ka faɗi wata. Kawo mini wanda zai tsaya maka."

Gaskiyarta ce. Amma dattawan nan biyu tuni an kai su makwanci.

'Yar maƙwabcina tana nan a layinmu, ba ta ƙara ce mini Baba ba. Kullum da safe takan durƙusa a bakin ƙofata, ba ta shigowa, ta ce, "Ranka ya daɗe." Ina amsawa.