Hajiya Ba Ta Gaisuwa

Shekara ashirin da ɗoriya ina jan babbar mota, kuma duk abin da na iya a bakin sitiyari wurin mutum ɗaya na koya, wani tsohon direba a Kurfi da muke kira Baba. Da idonsa ya dushe sai ya ajiye tuƙi, ya koma shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, dab da titi. Duk direban da ya taso a hannunsa ba ya wucewa sai ya tsaya, ya durƙusa, ya ce, "Baba, yaya hanya?" Ko ka san hanyar kamar tsakar gidanku, sai ka tambaya. Shi kuwa ya gyara zama ya zayyana maka inda kwalbati ya karye da inda ruwa ya ci gefen titi, labarin da ya tsinta a bakin waɗanda suka riga ka. Tambayar nan ce ke fito da shi waje kowace safiya.

Sai Alhajin da nake ja wa mota, ɗan kasuwar hatsi a Dutsin-Ma, ya sayo na'urar nuna hanya, irin ta manyan motoci. Ana gaya mata tsayin mota da faɗinta da nauyinta, ita kuma ta kauce maka duk hanyar da ba za ta ɗauke ka ba. Muka auna motar da igiya a gareji, Alhaji ya danna lambobin da kansa. Muryar mace gare ta, shi ya sa 'yan tasha suka raɗa mata Hajiya. Da farko na yi ta gunaguni. Haba, ni da furfurata, akwati zai nuna mini hagu da dama? Amma wallahi ta shiga raina. Ta kai ni garuruwan da ban taɓa takawa ba, kuma ko na saɓa mata ba ta faɗa, sai ta yi shiru ta nemo wata hanyar.

Har lokacin isa take rubutawa, ni kuwa na mai da abin gasa. In na zo Kurfi sai in danna hon sau biyu in wuce. Ran nan na haɗu da Inna, matar Baba, a kasuwa.

Ta ce, "An ce ka yi sabuwar uwar ɗaki."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Ya daina fitar da tabarmar. Ya ce wa zai fito wa?"

Na ji kunya ƙwarai, na ce zan zo, ban kuwa je ba.

Da kaka ta yi, Alhaji ya aike ni ɗauko masara a wani ƙauye wajen Kutawa. Aka yi lodi irin namu, buhu kan buhu har ya zarce bodi da hawa uku, aka ja tampol. A dawowa Hajiya ta nuna mini yanke ta tsakiyar gari, na bi ta hankali kwance. Akwai wata tsamiya da reshenta ya gitta hanyar. Sai na ji ƙiiii daga sama, masara ta fara zubowa kan gilashi kamar ruwan farko. Innalillahi! Tampol ya yage, buhu huɗu sun fashe.

Nan na gane wautarmu. Motar da muka auna a gareji ba kaya a kanta. Hajiya ba ta yi ƙarya ba, mu ne ba mu gaya mata yadda muke lodi ba. Mutanen gari suka fito da tsintsiya da faifai, aka tattara, aka rage hawan sama. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Direbobin dā kan tambaya."

Washegari na wuce Kurfi. Na tarar da Baba a zaure, kwance da rana tsaka. Na durƙusa na ba shi labarin kaf, ban rage wa kaina komai ba. Ya yi dariya har da tari.

"Tsamiyar nan? Ai ta taɓa cin tampol ɗina! Ta bayan makaranta ake bi, sakarai. Ina Hajiyar taka? Kawo ta in ji."

Na cire ta na kunna masa. Ya kasa kunne har ta gama Turancinta.

Ya ce, "Muryarta da daɗi. Amma ba ta gaisuwa."

Ban rabu da Hajiya ba, har yau tare muke, kuma ina jin daɗinta. Sai dai in na zo Kurfi nakan kashe mota, ta ƙara mintocinta yadda ta ga dama.

Lodin farko da na bi da shi bayan wannan, tun daga nesa na hango tabarmar a waje, da wata doguwar gora jingine da bango. Na sauka na durƙusa na ce, "Baba, yaya hanya?"

Ya miƙe, ya laluba motar da hannu, ya ɗaga gorar har ta taɓa buhun ƙarshe, ya sa yatsa a inda ta tsaya.

"Je ka gaya wa Hajiya wannan tsayin," in ji shi. "Sannan ka dawo ka zauna in ba ka hanya."