Motar da Ke Durƙusa wa Inna

Na sayi motar a hannun wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Malbaza. Tsohuwar ƙirar Faransa ce, kuma komai nata a baibai yake. Sitiyarinta ƙafa ɗaya gare shi, tayar safaya kuma tana gaba, kusa da inji. Babban abin mamakinta shi ne ba ta da sifirin. Wani koren mai ne ke zagayawa cikin tiyo yana ɗaga ta. In an kashe ta sai ta sauka a hankali har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, in an tayar kuma ta miƙe, baya kafin gaba. Abokaina a Konni suka sa mata suna Raƙuma, suna tambayata ko na ba ta ƙaiƙayi yau.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana da magana da ni, bango take kallo ta faɗa. Da ciwon gwiwa ya kama ta, ba ta iya ɗaga ƙafa ko dokin ƙofa ta tsallake sai da ƙyar, kuma ba ta yarda kowa ya ɗauke ta, balle ni. Amma motar nan in ta durƙusa, Inna juyawa kawai take yi ta zauna, ta ja ƙafafunta ciki da hannunta.

Ta haka muke zuwa Badaguishiri ranar kasuwa, wurin yayarta, wadda ita ma ta daina fita. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Nakan ajiye ta in tafi cikin masu albasa, in dawo in tarar da su a tabarma ɗaya suna gulmar mutanen da suka daɗe da mutuwa.

Sai mota ta fara yoyo. Koren man ya yi wuyar samu, na nema har ƙetaren iyaka ban samu ba. Wata rana bayan Tsarnawa ta zauna a tsakiyar hanya ta ƙi tashi, sai amalanken jaki ne ya ja mu gefe, masu wucewa suna dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, ni kuwa ba na jure dariya.

Makaniken da na kai wa ya ce, "Alhaji, bari in cire tarkacen ga in sa maka sifirin. Kowa hakanan shika yi, ka huta."

Na ce ya yi. Ya yanke tiyo, ya yi walda, mota ta fito tsaye ƙyam, tana tafiya lafiya lau. Wallahi ko sau ɗaya Inna ba ta faɗo mini a rai ba a garejin nan.

Ranar kasuwa ta fito da sandarta, ta tsaya tana jiran mota ta sauka. Ta daɗe tana jira. Sannan ta dubi bango ta ce, "Mi anka yi mata?"

Na kawo ƴar kujera don ta taka, gwiwa ta ƙi. Matata ta miƙa hannu, Inna ta ture.

"A bari sai motar ta warke," in ji ta, ta koma ɗaki.

Na koma gareji da gudu, amma kayan da aka cire sun riga sun tafi wurin masu gwangwan. Na yi ta cigiyar irinsu har na gaji. Duk mako Inna takan aiko jika ta tambaya ko mota ta warke, daga baya ta daina aikowa.

Da damina aka yi waya daga Badaguishiri cewa yayarta ta rasu. Inna ta fito ba sanda, tana dafa bango, ta tsaya a ƙofar mota. Ta rufe fuskarta da mayafi, ta ɗaga hannuwanta kaɗan. Na sunkuya na ɗauke ta. Ashe ba ta da nauyi ko kaɗan.