Haƙoran Gwaggo

Cikin shekarun da na yi ina kula da injuna a sashen gandun daji, akwai wata Litinin ta farkon damina da har gobe ban manta da ita ba. Kafin in zo sashen, sai da na yi shekara tara ina koyar da lissafi a firamare, kuma ban taɓa barin kowa a ofis ya manta da haka ba.

Da safe shugaban sashe ya kira ni. Ya ce iska ta tsaga wata tsohuwar darbejiya a Gafasa, rabinta ya ranƙwafa a kan rumbun wani dattijo, Malam Sale, inda sauran geronsa na ci da na iri yake. Masu gatari sun zagaya ta sun ce su masu iyali ne. Ba kuma wanda ya yarda ya shiga ƙarƙashinta ya kwashe hatsin. In aka sake ruwa da iska, shi ke nan.

Injin yankan itace ɗaya gare mu. Gwaggo muke ce mata, saboda tsufa da tari, kuma ba ta tashi sai da lallashi. Shekara biyu tana kwance a sito. A ƙa'idar aiki ba a fitar da kaya sai mutum uku sun sa hannu, amma ran nan Malam Iro mai sito ya miƙo min ita da sauri, har yana yi min addu'a.

Na kwance ta a kan buhu. Zanzaro ya yi gini a salansar hayaƙinta, ɗaki biyu da falo. Na rushe. Fulogi na samo wajen masu gyaran janareta a Gaya, igiyar ja kuma na yanko daga wani mataccen injin ban ruwa. Na wanke kafireta, na gauraya fetur da baƙin mai, na fara ja. A ja na goma sha bakwai Gwaggo ta yi tari, ta yi kaki, ta ɗauka. Hayaƙi ya turnuƙe harabar, awaki suka watse, maigadi ya yi kabbara, ni kuwa da furfurata na kama tsalle ina taɓa hannu da duk wanda ya gifta, har da wani baƙo da ya zo tambayar hanya.

Saura sarƙar yanka. Tsohuwar ta yi tsatsa, ta tsinke. Lambar da ke jikin ƙarfen da take zagayawa kuma ta goge. Na buga wa wani mai kayan inji a Kano waya, ya tambaye ni haƙori nawa. Na shimfiɗa ta a siminti, na ƙirga haƙoran yanka sau uku ina ɗiga alli: talatin da shida. Ya ce, "Alhaji, ka tabbata?" Na sanar da shi cewa tun kafin a yaye shi nake koyar da ƙidaya.

Ran Laraba direba ya kawo saƙo a cikin ambulan na wasiƙa. Da na zazzage, sai ga wata 'yar sarƙa da ko wuyan akuya ba za ta zagaye ba. Malam Iro ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya tambaya cikin ladabi ko ta Gwaggo ce ko ta jikarta. Shugaban sashe ya ɗaga kai ya kalli gabas. Hadari ya fara haɗowa.

Iron ne ya ce in nemi Ɗan'azumi a Kademi, wani mai tsaga katako da bai taɓa zama a aji ba. Na ɗaure Gwaggo a bayan babur na tafi. Ya saurari bayanina duka, har da tarihin koyarwata, sannan ya juya tsohuwar sarƙar, cikinta ya koma waje. Ashe a cikin ma akwai wasu 'yan haƙora marasa kaifi. Ya zaro carbi daga aljihu, kowane haƙori ya ja ƙwaya ɗaya.

"Talatin da uku sau biyu, da shida," in ji shi. "Malam, na waje ai na itace ne. Na ciki su inji ke ja. Su mai kanti ya tambaye ka."

Saba'in da biyu ke nan. Na yi lissafin a zuci, ban furta ba.

Ya ɗauko wata doguwar sarƙa tasa, ya gwada tsohuwar a kanta ya ga haƙoran sun hau juna, ya sa ƙusa da guduma ya cire rarar, ya haɗe. Ya ce shi ma zai bi ni, don bai yarda in ƙirga rassan ni kaɗai ba.

Mun isa Gafasa bayan la'asar, gari ya yi duhu, iska na kaɗa hula. Aka ɗaura igiya a reshen da ya ranƙwafa, magidanta suka ja ta wajen fili, Ɗan'azumi ya hau da Gwaggo tana kururuwa. Ni aka ba ni riƙon jarkar mai, kuma na riƙe ta bisa ƙa'ida. Reshen ya yi ƙara, ya juya, ya faɗi nesa da rumbu, ko jinkar bai taɓa ba. Malam Sale ya zura hannu ya ɗebo gero busasshe, ya kama dariya har sai da ya zauna a ƙasa. Muna cikin zaurensa muna shan fura ruwa ya kece.

Ku da kuka zo aikin yanzu, ga abin da na koya. Ƙirgata ba kuskure a cikinta, tambayar ce ban fahimta ba, kuma girman kai ya hana ni cewa a maimaita. Kowace sana'a da abin da take ƙirgawa, masu ita ne suka sani. Tun daga ranar, in mai kanti ya ce min "guda nawa?", sai na fara cewa, "Na ciki ko na waje?"