Hular da Zarenta Ya Ƙare

Tun da aka ɗauke ƙanena a hanyar Tsafe na koma mayen waya. Ni da ko hoton biki ba na tsayawa kallo, sai ga ni ina bin bidiyon da 'yan bindiga ke sakawa, ina tsayar da shi, ina leƙa abin da ke bayansu. Garinmu na wajen Bilbis, na yi kiwo a dajin nan, na san duwatsunsa da kukokinsa. In na gane wuri sai in tura wa wani jami'in tsaro a Gusau. Sharaɗinsa ɗaya ne: in kama bakina, ko matata kada ta ji.

To, ka san mutanenmu. Wani ya leƙa wayata a majalisa, ya ga abin da nake kallo, kafin la'asar na zama infoma. In na zo sai hira ta mutu, a yi ta gyaran murya. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba damar wanke kai. Na daina zuwa, na koma cin tuwona ni kaɗai a shago.

Wata safiya, a wani sabon bidiyo, na ga wata hula da na sani. Inna ce ta ɗinka wa ƙanena ita, koren zare ya ƙare mata ta ƙarasa gefe ɗaya da shuɗi, har muka riƙa tsokanarsa da ita. Tana kan wani mai bindiga, yana ta dariya. Na duba mutanen da aka zaunar a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, na sake dubawa, ba shi a ciki. Na tura wa jami'in sunan dutsen da ke bayansu, ya amsa da "An gani." Ban ji komai ba bayan wannan.

Ran Juma'a na je Bunguɗu, inda Inna ke zaune wajen yayata tun da muka baro gari. Na tarar da ita da allura a hannu, tana ɗinka wata sabuwar hula.

"Mi ka gano a wayar taka?" ta ce.

Na ce ba labari tukuna.

"To matso. Kanku ɗaya da shi. Wannan karon na sayi zare isasshe, kada ya dawo ku yi mai dariya."

Na cire tawa hular, na sunkuyar mata da kai ta gwada.