Jatan Landen Ɗan Fari

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin malamar gona, wadda ba ta taɓa fita a raina ba ita ce ranar da aka tura ni Tsiga duba jatan lande. E, jatan lande, a ƙasar masara da auduga. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan za ku ce tsufa ne ya fara taɓa ni, amma ku bari in gama.

A lokacin ni ce mai kula da ƙungiyoyin mata na shiyyarmu, ina zaune a Funtua, saura kaɗan in yi ritaya. Ga wanda bai san tsarin ba, malamin gona namiji gonaki yake bi, mu mata kuwa mu ke shiga gidajen da maza ba sa shiga, mu duba lambun bayan ɗaki da kaji da ajiyar hatsi. Wata safiya cikin watan Agusta, ana tsakiyar zuba wa masara taki karo na biyu, shugaban shiyya ya kira ni ofishinsa yana danne dariya.

Ya ce, "Malama Talatu, Alhaji Sale na Tsiga ya zo. Wai ƙwarin matarsa ke mutuwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙwari in suna mutuwa ai barka ake yi."

"Waɗannan kiwon su ake yi, kuma a ɗakinta suke. Ni ba ni da hanyar shiga. Ki hau mashin ki je."

Na tafi ina mita a raina, ga aiki jibge ga kuma wannan. Alhaji Sale, babban manomin masara, ya tare ni a zaure ba ya ko murmushi. Ya ce, "Malama, ki taimaka. Ta daina cin abinci."

A ɗakin matar tasa, Hajiya Indo, dab da gado, na tarar da akwatin gilashi mai tsawon hannu cike da ruwa. A ƙasa yashi ne, ga tsirrai sun tsiro a ciki, ga ɗan injin iska yana fitar da kumfa da batirin sola. Jatan landen jajaye ne, ba su fi ƙwayar wake ba. Wasu suna ta zarya a saman ruwa kamar masu neman ƙofa, wasu sun kwanta a gefe ɗaya sun koɗe. Waɗanda suka riga suka mutu ta tsame su ta jera a faranti, ta rufe da ƙyalle mai tsabta. Da na ga ƙyallen nan na haɗiye mitata.

Akwatin na Bashir ne, ɗanta na fari, wanda ya karanci kiwon kifi ya samu tafiya ƙaro ilimi ƙasar waje. Hajiya Indo irin matan da ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta hira da shi, kakarsa ce ma ta raine shi. Tun da ya tafi, gaisuwarsu ta bakin Alhaji take bi. In za ta ambace shi sai ta ce "mai kayan". Da zai tafi ya ce ɗakinta ya fi ko'ina sanyi a gidan, shi ya sa ya ajiye akwatin a nan. Ni dai na shiga ɗakin, ban ji wani sanyi na musamman ba.

Ya bar mata kwalabe biyu da sirinji. Ɗaya takin ruwa ne na tsirran akwati, ɗaya kuma ruwan kabon, wanda ke taimaka wa tsirrai girma ya kuma hana gansakuka. Ya nuna mata ɗan ɗigon da za ta riƙa sawa, ta kuwa riƙe fiye da shekara ba kuskure. Sai damina ta yi nisa, ganyen ya fara yin ruwan ɗorawa.

Ta ce, "Malama, ke kin sani, masara in ta yi haka yunwa take ji. Ɗan ɗigon nan da ya ce, me zai ƙosar? Kar ya dawo ya tarar na bar masa su da yunwa."

Sai ta ɗauko murfin kwalbar lemo, ma'aunin da mu da kanmu muka koya wa manoma, murfi ɗaya gindin masara ɗaya. Ta riƙa cika shi da taki, ta cika shi da ruwan kabon. Da takin ya ƙare, ta shiga ɗakin ajiyar Alhaji ta ɗebo takin ruwa na feshin tumatir. Na karɓi robar na karanta, na ga akwai jan ƙarfe a ciki. Shi ya sa muke hana masu noman rani wanke abin feshi a rafi saboda yana kashe halittun ruwa. Cutar na gane ta, amma maganinta ban sani ba, ban kuma ɓoye mata ba.

Na ce, "Hajiya, sai an kira mai kayan."

Ta ce, "A'a. Ya bar mini amana, in ce masa me?"

Ni kun san ni, ba ni da dogon haƙuri. Na ce, "Hajiya, kunya tana nan gobe, waɗannan kuwa ba za su kai gobe ba." Ta juya ta fuskanci akwatin. Na ɗauki wannan a matsayin izini, na karɓo lamba wurin Alhaji, na kira ta bidiyo.

Bashir ya saurare ni, na haska masa akwatin, ya yi ajiyar zuciya. Ya ce a dakatar da kwalaben nan gaba ɗaya. Kada a zubar da ruwan duka lokaci guda, don canjin kwatsam ma kisa yake yi. A riƙa zuƙe kamar kashi ɗaya cikin uku kullum, a mayar da ruwan rijiya wanda ya zauna a ɗakin har ɗuminsu ya zo ɗaya, a zuba a hankali. Bokitin da sabulu ko maganin feshi ya taɓa kada ya matso. Injin iska kuma kada ya tsaya, don ruwan kabon in ya yi yawa numfashi yake hana su. Game da ganyen, ya tambaya ko ana rufe taga. Ashe saboda feshin ruwan sama ta daɗe a rufe. Ya ce, "Anti, ba yunwa ba ce, haske suka rasa." Ya ce in sun farfaɗo a koma da rabin ɗigon da, da sirinji, kuma takin gona kada ya sake shiga.

Sannan ya rage murya ya ce, "Inna tana nan?" Tana nan, taku ɗaya daga wayar. Ya ce, "Inna, ba komai, ko duka suka mutu ba komai." Ba ta juyo ba, ta ci gaba da goge gilashin da bakin mayafinta.

Na nemi izini a ofis na riƙa komawa Tsiga, muna zuƙe ruwa da siririn tiyo, ita tana zubawa da ludayi kaɗan-kaɗan. Fiye da rabi suka mutu. Daga nan mutuwar ta tsaya, sauran suka sauko ƙasa suka koma tsince-tsincensu a kan ganye.

Zuwana na ƙarshe na sake kiran Bashir don ya gani da idonsa, na jingina wayar a taga. Ya yi murna, ya yi godiya, sannan ya ce an ƙara masa lokacin karatu, ba bana zai dawo ba. Hajiya Indo ta matsa kusa da gilashin, ta ba wayar baya, ta yi magana da jatan landen a hankali.

"Kun ji ko? Mai ku ya ce ba bana ba. To ku yi haƙuri, ku ci abinci. Ni ma kullum ina duba ƙofa. Ku ce masa ya riƙa sa rigar sanyi, na ga ya rame."

Ashe duk lokacin da ta ba wayar baya, hotonsa take kallo a jikin gilashin akwatin. Bashir ya sa hannu ya rufe fuska. Ni na fita tsakar gida na tsaya kusa da turmi har idona ya bushe.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, in kun tarar da wanda ya zuba taki ya wuce ƙima, kada ku fara da cewa bai san abin da yake yi ba. Sau da yawa tsoron rasa abin ne ya cika masa hannu. Ku gyara masa ma'auni, amma ku tambayi na wane ne abin. Ina kewar aikin nan, wallahi, na fi kuma kewar irin ɗakunan nan da ake bari mu shiga. Kwanaki na haɗu da Alhaji Sale a kasuwar hatsi ta Funtua, ya ce jatan lande sun hayayyafa har sun cika akwati, ta hana a rage ko ɗaya, wai sai mai kayan ya zo ya gani. Har yau bai dawo ba.