Gansakuka a Kan Takarda

'Yata ta fari tun tana ƙarama hannunta ba ya zama. Ko gawayi ta samu, sai bangon ɗakina ya sha zane. Da ta gama sakandare a Rano ta ce zane take so ta karanta. Malam, mahaifinta, ya ce a'a, a gidansa ba a zana abu mai rai. Yarinya ta yi sanyi, ko tuwo sai na lallaba ta take ci.

Wata rana ta miƙo mini waya. "Umma, kalli. Ciyawar teku ce, mutanen bakin ruwa ke manna ta a takarda." Wata ja, wata koriya, sai ka ce zanen lalle. Na ce, "To mu ina muka ga teku?" Ta yi dariya. Ta hau babur zuwa Rurum wajen ƙanwata, ta dawo da bokiti cike da gansakuka da ciyayin dam.

Aikin yana son haƙuri. In ka tsamo ta da hannu sai ta dunƙule kamar jiƙaƙƙen tsumma. Sai an sa ta a faranti mai ruwa ta baje gashinta, a zura takarda ta ƙasa, a ɗago a hankali. Ni ke riƙe gefe ɗaya, ita tana gyara sili-silin da tsinken tsintsiya. Mu rufe da tsohon zanina, mu danne da dutsen niƙa. A ƙasan kowace ni na rubuta inda aka samo ta, da rubutuna na yaƙi da jahilci.

Da suka bushe ta jera su a tabarmar da Malam ke cin abinci. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba ita ce ke toshe mini injin ban ruwa ba?"

"Ita ce, Baba."

"Ikon Allah! Shekara da shekaru ina zaginta."

Na ce, "Ba ido, ba hanci, Malam."

"Au, har da ke? Shi ya sa ɗakinki ke ƙarnin kifi."

Maganar makaranta bai taɓa ta ba. Washegari ya dawo daga gona wandonsa jiƙe har gwiwa, ya dire mata gwangwani, wata ciyawa mai jan kara tana lilo a ciki.

"Ba ki da irin wannan," in ji shi. "In za ki makarantar, kada ki je musu da rabin kaya."