Ƙosai Mai Bugun Zuciya

Jama'a, yau waya ta kashe Hajiyarmu, ta raya ƙosai!

Kwana biyu zuciyarta na dukan uku-uku, ta ƙi zuwa asibiti. Sai na sauke mata manhajar auna bugun zuciya. Ta ɗora yatsa a kyamara, ga lallen biki baƙi ƙirin ya tare hasken. Waya ta ce babu bugu!

Hajiya ta ce, "To gawa ce ta dama muku kokon nan?"

Yaya Sani ya manna ƙosai a kyamarar don gwaji. Wallahi sai ga bugu, wai lafiya ƙalau!

Hajiya ta ja mayafi ta ce, "Tashi ka kai ni asibiti. Ƙosan nan kuma kar wanda ya ci, yana da rai."